Gargaɗi ga Masu Kwamfutar Linux a Jihar Diffa: Ku Binciki Rumbunan Manhajar da Aka Ƙara Muku

Wannan kira ne ga duk wanda ke da kwamfuta mai aiki da Linux a jihar Diffa, tasa ce ko ta wurin aiki: ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, masu kula da na'urorin ma'aikatun gwamnati da na ofisoshin magajin gari, ɗaliban Jami'ar Diffa, da samarinmu masu gyaran kwamfuta a shaguna, tun daga cikin garin Diffa har Maine-Sorowa, N'Guelbély, N'Guigmi da Bosso. Yau ɗin nan, kafin ku kashe na'ura, ku buɗe ta ku ƙirga rumbunan da take ɗebo manhaja daga cikinsu. Duk rumbun da ba ku san mai shi ba, ko kun manta dalilin da ya sa aka ƙara shi, ku cire shi. Kada a bari sai gobe.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe wa'adin kula da Windows 10, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da muke saye ba sa ɗaukar Windows 11. Mafita mai sauƙi ita ce a juya su zuwa Ubuntu, Linux Mint ko Debian, kuma ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Sai dai akwai wata magana da ke yawo a bakin mutane, wai Linux ba ta kamuwa da cuta. Ƙarya ce. Wannan ƙaryar ce ke sa mutum ya kwafo umarnin da ya gani a bidiyon YouTube, ya liƙa, ya buga kalmar sirrinsa, ya danna, ko layi ɗaya bai karanta ba.

Ga yadda abin yake. Debian da Ubuntu kowacce tana da rumbunta na asali, inda masu kula da ita ke tara dubban manhajoji, su gina su, su sa musu hannu da makullin sirri, in an gano ɓaraka su aiko da gyara. Idan ka buga apt update, na'urarka tana duba adireshin da aka rubuta a fayil ɗin /etc/apt/sources.list da waɗanda ke cikin foldar /etc/apt/sources.list.d, ta je can ta ɗauko jerin kaya, ta gwada sa hannun da makullin da take riƙe da shi. In ya dace ta karɓa, in bai dace ba ta ƙi. Rumbun waje shi ne duk adireshin da aka ƙara a kan na asali. Wasu na kamfanoni ne da aka sani: Google Chrome da kansa yake ƙara nasa in ka girka shi, Docker na da nasa, QGIS da masu aikin taswirar gonaki da rijiyoyi ke amfani da ita ma tana da nata. Wasu kuma na ɗaiɗaikun mutane ne, irin waɗanda ake kira PPA a shafin Launchpad. Kamfanin Canonical ne ke ba su masauki, amma ba ya tantance abin da ke ciki. Duk wanda ya yi rajista zai iya buɗe nasa.

To, inda gizo ke saƙar shi ne nan. Kowane ƙunshin manhaja na .deb yana iya zuwa da ƴan umarnin da ke tashi lokacin girkawa, kuma suna tashi ne da ikon root, ikon da babu abin da ya fi ƙarfinsa a cikin na'ura. Suna iya karanta kowane fayil, su goge, su buɗe sabon asusu, su dasa abin da zai riƙa tashi da kansa. Kuma ba sau ɗaya ba ne. Muddin adireshin yana nan, duk ranar da ka sabunta na'ura mai rumbun yana da damar turo maka sabon abu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba ma ya fi wannan muni: apt ba ta tsare rumbu a kan manhajar da ka ƙara shi dominta. Idan ka ƙara shi don wata ƴar manhajar kallon bidiyo, gobe mai shi ya ɗora nasa sudo ko openssh da lambar da ta fi ta asali girma, apt za ta ɗauka sabuwar siga ce, ta maye gurbin ta gaskiya da ita. Manomin tattasai a bakin Komadugu da ya yarda aka haɗa lambunsa da magudanar ruwan wani ya san cewa daga ranar, duk abin da aka zuba a can sama sai ya iso kan shukarsa. Haka rumbun waje yake.

Kada a ɗauka tsoratarwa ce kawai. A watan Satumba 2023 masu bincike na kamfanin Kaspersky sun fallasa abin da ya faru da manhajar Free Download Manager. Na zaɓi wannan misali ne don irin manhajar da ke jan hankalin mai raunin intanet ce, tunda aikinta ci gaba da sauke fayil daga inda layi ya yanke. Daga 2020 zuwa 2022, wasu daga cikin masu Linux da suka shiga shafin manhajar na gaskiya suka danna maɓallin saukewa, sai a karkatar da su zuwa wani adireshi mai suna deb.fdmpkg.org, wanda aka yi wa kamannin rumbun Debian. Ƙunshin da suka sauke yana girka manhajar, tana aiki lafiya lau, mutum ba ya ganin komai. Amma a ɓoye ya ajiye fayiloli biyu, /var/tmp/crond da /var/tmp/bs, ya kuma rubuta umarni a /etc/cron.d/collect da ke tayar da ɓarawon duk bayan minti 10. Ta wannan hanya aka riƙa kwashe kalmomin sirrin da mutane suka adana, da tarihin shafukan da suka shiga, da fayilolin asusun kuɗin kirifto, da makullan shiga ma'ajiyar bayanai ta kamfanoni irin su Amazon da Google. Sama da shekara 3 ƙunshin yana yawo kafin a tona shi. Duk wanda ya taɓa girka wannan manhaja a Linux a waɗancan shekaru, ko ya karɓe ta a filash daga hannun aboki, ya je ya duba ko fayilolin nan uku suna cikin na'urarsa.

Yanzu mu dawo gida, mu dubi abin da ke faruwa a kan teburin gyara. Yaro ya ƙara rumbu, ya buga apt update, sai rubutu ya fito da NO_PUBKEY, ko a ce rumbun ba shi da sa hannu. Mai kwamfuta na tsaye a kansa, batirin na ƙarewa, kuɗin intanet na tafiya. Sai ya nemi mafita a waya, ya tarar wani ya ce a rubuta trusted=yes a layin rumbun, ko a ƙara --allow-unauthenticated a ƙarshen umarni. Ya gwada, kukan ya tsaya, aiki ya tafi, kowa ya yi murna. Ɗan'uwa, ba gyara ka yi ba. Ce wa na'urar ka yi daga yau ta daina tambayar sa hannu, ta karɓi duk abin da ya zo da sunan wannan adireshi. Idan mai rumbun ya watsar da shi, wa'adin adireshin ya ƙare, wani mugu ya saye shi, babu sauran abin da zai tare shi. Idan kuma adireshin da http ya fara, ko wanda ke tsakaninka da shi a kan layi zai iya sauya kayan. Masu Fedora da danginta, naku shi ne gpgcheck=0 a cikin fayilolin /etc/yum.repos.d, kuma haɗarin ɗaya ne.

Ruwa ba ya tsami banza. In apt ta yi kuka, akwai dalili, kuma sau da yawa dalilin mai sauƙi ne. A tsofaffin kwamfutoci, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo yakan mutu, wuta na ɗaukewa sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Daga nan apt za ta ce jerin kayan bai fara aiki ba tukuna. Maganin wannan shi ne a duba timedatectl, a gyara agogo, a sauya batirin. Wani lokaci kuma makullin ne da gaske ya sauya. A watan Afrilu 2025 masu Kali Linux sun sanar cewa makullinsu na sa hannu ya kuɓuce musu, suka fitar da sabo, kowa sai da ya sake karɓa. A irin wannan hali, mutum ya je shafin masu manhajar na asali, ya ɗauko sabon makulli daga can, ya gwada lambar shaidarsa da wadda suka wallafa. Makullin da aka turo a zauren WhatsApp ba abin karɓa ba ne, ko wa ya turo shi.

Maganar makulli na buƙatar a ɗan tsaya a kanta. Tsohuwar hanya, wadda har yanzu ta cika darussan intanet, ita ce apt-key add. Illarta ita ce makullin da aka sa ta nan yana zama amintacce ga kowane rumbu a na'urar, har da na asali. Shi ya sa Debian 11 da Ubuntu 22.04 suka riƙa gargaɗin a daina, Debian 13 da ta fito a watan Agusta 2025 kuwa ta cire umarnin ɗungurungum. Darasin da ya ce ka yi apt-key, tsohon darasi ne, ka yi shakkar sauran abin da ke cikinsa. Hanyar da ta dace ita ce a ajiye makullin a /etc/apt/keyrings, a rubuta signed-by a layin rumbun tare da inda makullin yake, ta yadda zai yi aiki ga wannan rumbu shi kaɗai. Amma a lura, wannan bai hana rumbun turo manhajar da ba tasa ba. Abin da ke hana shi shi ne a buɗe fayil a /etc/apt/preferences.d, a rage darajar duk kayansa zuwa ƙasa da 500 da apt ke ba kowa, kamar a ba shi 100, sannan a ɗaga manhaja ɗayar da ake so daga gare shi. Aikin minti kaɗan ne, kuma duk rumbun wajen da zai zauna a na'urar ofis ya kamata a yi masa wannan takunkumi.

Ga ɗalibai ina da magana ta musamman. Na san sha'awar koyon tsaron intanet, kuma abu ne mai kyau. Amma kada ka ƙara rumbun Kali a kan Ubuntu ko Debian ɗinka don ka samu kayan aikinta. Masu Kali da kansu sun hana, masu Debian ma sun daɗe suna gargaɗi a kan gauraya rumbunan da ba nasu ba. Ranar da ka sabunta, ginshiƙan na'urar za su cakuɗe, ta ƙi tashi, aikin kammala karatunka na ciki. In kana son Kali, ka girka ta daban a cikin VirtualBox ko a kan filash. Haka nan umarnin da ke farawa da curl ya ƙare da sudo bash: wannan sauke rubutun wani ne a miƙa masa ikon root nan take. Ka sauke shi tukuna, ka buɗe, ka karanta. Masu Arch ma ba su tsira ba, domin a watan Yuli 2025 an kama ƙunshi uku a rumbun jama'a na AUR, masu sunaye kamar gyaran Firefox da danginsa, ɗauke da manhajar leƙen asiri.

Wani zai ce ai rumbun asali ma ba tsarkakakke ba ne. Gaskiya ne. Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar cewa ya lura shiga na'ura ta ssh na ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya gano ɓarauniyar hanya da aka dasa a manhajar xz, siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara 2 yana aiki da masu manhajar har suka amince masa. Amma a dubi inda ta kai: ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, ta shiga Kali da openSUSE Tumbleweed, ba ta kai ga tabbatacciyar Debian ko Ubuntu mai dogon wa'adi ba. Jinkirin da rumbun asali ke yi, wanda ke ba matasa haushi har su tafi neman sabuwar siga a waje, shi ne ya tsare miliyoyin na'urori. Kuma da abin ya fito, cikin sa'o'i aka fitar da sanarwa da gyara. Idan PPA ɗin mutum ɗaya ne aka shiga, wa zai sanar da kai? Ƙari a kan haka, sabuntawar tsaro da Ubuntu ke yi da kanta ba ta taɓa kayan rumbun waje sai an saita ta musamman. Abin da ka ɗauko daga waje, kai ne mai gadinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne irin kayan da ke cikin kwamfutocin jiharmu. Tun harin watan Fabrairu 2015 a Bosso da Diffa, dubun dubatar mutane suka bar garuruwansu, wasu suna sansanin Sayam Forage, wasu a matsugunan da ke gefen babbar hanya. Aikin agaji kuwa da rajista ake yin sa: suna, garin asali, yawan iyali, lambar waya, wani lokaci har da hoto da wurin kwana. Ga bayanan marasa lafiya, ga jerin waɗanda ake tura wa kuɗin tallafi. A wani wuri satar irin wannan fayil asarar kuɗi ce. A nan tana iya zama sanadin ran mutum, kowa ya san abin da nake nufi. Waɗannan bayin Allah ba su san apt ba, ba su san PPA ba, sun dai ba da sunayensu bisa amana. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP don sa ido. Ko babu doka, amana ta isa ta hana mutum girka manhajar wasa daga rumbun da bai sani ba a kan na'urar da ke ɗauke da sunayen ƴan gudun hijira.

Na'urar da za a kai wuri mai nisa irin N'Guelbély ta fi kowacce buƙatar kulawa. A Diffa ko Maine-Sorowa za a saita ta, a ɗora a mota, sai ta daɗe ba ta sake ganin ma'aikacin da ya san cikinta ba, Yamai kuwa na can nesa da fiye da kilomita 1,300. Duk abin da aka bari a ciki, da shi za ta zauna. Saboda haka kada ta bar hannunka da rumbun waje ko ɗaya sai wanda aikin ba ya yiwuwa sai da shi, kuma ka rubuta sunansa da dalilinsa a takarda ka haɗa da ita. Ƙarancin intanet ba hujja ba ne na karɓar .deb a filash daga hannu zuwa hannu, domin dpkg -i ba ta duba sa hannun rumbu, abin da ka ba ta shi take girkawa. Akwai apt-offline, wadda aka yi ta don na'urar da ba ta da layi: a ɗauki jerin buƙatunta, a sauke a gari, a kai mata, ta gwada sa hannun kafin ta karɓa. Ofishin da ke da kwamfutoci da yawa kuma ya sa apt-cacher-ng a kan ɗaya, a sauke kaya sau ɗaya kowa ya ɗiba. Zuwan Starlink ƙasar nan a 2025 ya sa na'urorin da suka daɗe a rufe za su riƙa hawa layi, kuma ranar farko da suka hau, duk tsohon adireshin da ke cikinsu za su je su ƙwanƙwasa.

Binciken kansa ba shi da wuya. Buga apt policy, za ta jero maka duk inda na'urar ke ɗebo kaya. Buɗe foldar sources.list.d ka karanta fayilolin ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ƙare da .list da masu .sources, domin tun Ubuntu 24.04 adireshin asali ma can ya koma. Kowane layi ka tambayi kanka: na wane ne, me na ɗauko daga ciki, yaushe mai shi ya sabunta shi, kuma shin manhajar ba ta cikin rumbun asali tun farko? Sau da yawa tana nan, ko a rumbun backports na Debian. Goge layin kaɗai bai isa ba, domin kayan da aka riga aka girka suna nan daram. Ga PPA a yi amfani da ppa-purge, ita ce ke mayar da manhajojin zuwa sigarsu ta asali. Sannan a leƙa /etc/apt/trusted.gpg.d a kwashe makullan baƙi. A duba wa'adin tsarin ma: Ubuntu 20.04 ta fita daga kulawar yau da kullum a watan Mayu 2025, CentOS 7 tun 30 ga Yuni 2024. Mai sake girkawa ya gwada fayil ɗin ISO da sha256sum, don ko shafin Linux Mint an taɓa kutsawa a watan Fabrairu 2016 aka ɗora gurɓataccen kwafi.

Idan kuwa ka tarar da abin da ya ba ka tsoro, fayil ɗin da ba ka sani ba a /etc/cron.d, ko asusun da ba kai ka buɗe ba, kada ka tsaya gyare-gyare. Cire na'urar daga intanet, kwashe takardunka kaɗai, ka goge ta ka sake girkawa daga tushe, sannan ka sauya duk kalmomin sirri ta wata na'ura mai tsabta. Kuma ka faɗa wa shugabanka, ko da kai ne ka ƙara rumbun. Ɓoyewa don gudun faɗa ita ce ke ba ɓarawo ƙarin watanni.

Shugabannin ofisoshi da na ƙungiyoyi, ku ma da naku. Ba sai kun iya buga umarni ba. Ku kira mai kula da na'urorinku a cikin makon nan, ku ce ya kawo muku a rubuce jerin rumbunan wajen da ke kan kowace kwamfuta, da dalilin kowanne, ku rage yawan masu ikon sudo, ku kafa ƙa'ida cewa ba a ƙara rumbu sai da izini. Masu shagon gyara, ku sanar da mai kaya duk abin da kuka ƙara masa kafin ya ɗauki na'urarsa. Wanda wannan saƙo ya iso gare shi, don Allah ya isar da shi ga abokin aikinsa. Allah Ya tsare mu da amanar da ke hannunmu.